Wa zai karanta wa Baba mai shara gargaɗin da ke jikin kwalba?

Ni ba masanin kimiyyar sinadarai ba ne, kuma gara in faɗi haka tun da farko kafin abokan aikina na tsangayar kimiyya su riga ni. Abin da na karanta, kuma nake koyarwa, shi ne kimiyyar harshe, wato yadda magana ke tashi daga bakin wani ta isa kunnen wani, da abin da kan same ta a kan hanya. To amma wani abu da ya faru a gabana kwanakin baya ya nuna mini cewa akwai wani sashe na batun kare lafiya a ɗakunan gwaje-gwajenmu da ya faɗo cikin gonata, ko na so ko na ƙi.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na fito daga aji zan nufi mota, sai wani dattijo da ke share ɗaya daga cikin ɗakunan gwaje-gwajen jami'ar da nake aiki ya tare ni, yana riƙe da wata shuɗiyar jarka mai cin lita 25. Mun saba haɗuwa a masallaci. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, don Allah duba mini rubutun nan. An ce a jefar da ita, ni kuwa na ga ko tsagewa ba ta yi ba, shi ne nake so in kai gida a riƙa tara ruwa." Na ce, "Baba, me ke cikinta a da?" Ya ce, "Maganin ɗalibai ne, amma ya ƙare, har na ɗauraye ta sau uku da omo." Da na duba takardar da ke manne sai na ga fomalin ne, ruwan nan mai yaji da ake jiƙa gawa da sassan dabbobi a ciki don kada su ruɓe, wanda tun shekarar 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Na ɗora yatsa a kan hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, na tambaye shi ko ya san abin da yake nufi. Ya ce shi dai ya ɗauka tambarin kamfanin ne.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa jahilci ne. Wannan bawan Allah ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, kuma hankalinsa ne ya ba shi ya tambaya kafin ya ɗauka. Ya fi shekara goma yana shiga ɗakin nan tun kafin malamai da ɗalibai su iso, shi ke goge abin da ya zube, shi ke wanke kwalabe, shi ke kwashe shara ya kai bola. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa, da harshen da yake ji, abin da hannunsa ke taɓawa ba.

Kalmar da ya yi amfani da ita ce ta fi tsaya mini a rai, wato magani. A Hausa wannan kalma tana da faɗi ƙwarai. Abin da likita ya rubuta maka magani ne, abin da ake zuba wa ɓera ya mutu magani ne, haka na sauro da na ƙwari da na feshin gona, har da fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalaben da babu ko rubutu a jikinsu. Kalma guda ta haɗa abin da ke warkarwa da abin da ke kisa, kuma ma'anar da ta fi saurin zuwa zuciyar Bahaushe ita ce ta waraka. Mutumin da ke kallon duk abin da ke kan kantar ɗakin gwaji a matsayin magani ba zai ji tsoronsa yadda ya kamata ba. Muna da guba, muna da dafi, amma a tunanin yawancin mutane guba ita ce abin da aka ci ko aka sha aka mutu nan take. Abin da ake shaƙa kaɗan-kaɗan ya yi shekara ashirin kafin ya bayyana a matsayin ciwo, ko wanda ke ratsa fata ba tare da ya bar tabo ba, ba mu tanadar masa suna a maganar yau da kullum ba. Hatta kalmar haɗari aiki uku take yi mana: abin da ka iya cutarwa haɗari ne, yiwuwar cutuwar haɗari ce, aukuwar abin ma haɗari ne, alhali masana kare lafiyar ma'aikata sun bambanta waɗannan ukun, kuma a kan bambancin suka gina iliminsu. Idan kuwa mai buga takarda ya manta da lanƙwasar harafin, sai gargaɗin ya koma maganar hadarin ruwan sama.

Tarihi ya riga ya nuna abin da gargaɗin da ba a ji ba ke haifarwa. A ƙarshen shekarar 1971 ƙasar Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir daga Meziko da Amurka, wanda aka cuɗa da wani sinadari mai ɗauke da zaiba, wato abin da masu haƙar zinariya ke kira makuri, don kada irin ya ruɓe a ƙasa. An rina hatsin da launi ja-ja, an rubuta gargaɗi a jikin buhunan da Turanci da Sifaniyanci, an kuma zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Irin ya isa ƙauyuka da yawa bayan lokacin shuka ya wuce. Manoman, waɗanda Larabci ko Kurdanci suke ji, suka wanke launin, suka ga ya fita, suka ɗauka gubar ta bi ruwa, suka niƙa suka yi gurasa. Alƙaluman hukuma sun nuna an kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 suka rasu a can, ban da waɗanda suka mutu a gida. A takarda an cika ƙa'ida, domin an rubuta gargaɗi. Ɗauraye jarka sau uku da omo da wanke jan launi daga alkama tunani ɗaya ne.

Irin wannan ne ya sa, bayan taron muhalli na birnin Riyo a 1992, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki shekara goma tana tsara hanya guda ta rarraba sinadarai da yi musu alama, wadda aka amince da ita a ƙarshen 2002, aka buga a 2003, kuma aka fi sani da GHS. Tsarin ya tanadi hotuna tara, kowanne cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwarsa: harshen wuta, harshen wuta a kan zobe, bom mai fashewa, tukunyar gas, ruwa na ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, ƙoƙon kai, alamar motsin rai, mutum da wani abu kamar tauraro a ƙirjinsa, sai mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Ya kuma tanadi takardar bayani mai sashe 16 da ya kamata ta biyo kowane sinadari, mai faɗin yadda ake ajiye shi, da abin da za a yi idan ya zube ko ya shiga ido, da yadda ake zubar da shi. Aiki ne mai kyau. Sai dai duk ɗalibin da ya yi darasin farko a ilimin alamomi ya san cewa hoto ma harshe ne, koyonsa ake yi. Babu abin da ke cikin harshen wuta a kan zobe da zai gaya wa wanda ba a koya wa ba cewa wannan sinadari shi kansa ba lallai ya kama wuta ba, amma yana ƙara wa wuta ƙarfi, don haka kada a ajiye shi kusa da fetur ko takarda. Na gwada nuna hoton mai tauraro a ƙirji ga wasu abokan aikina masu digiri uku-uku a ɗakin shan shayi. Ɗaya ya ce ciwon zuciya ne, wani ya ce alamar asibitin ƙashi ce. Abin da ake nufi shi ne cuta mai daɗewa kafin ta bayyana, irin su sankara da lalacewar huhu ko hanta da cutar da ɗan tayi.

Wasu ƙasashe sun gane haka. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta wajabta a rubuta gargaɗin da harshen hukuma na ƙasar da za a sayar da kayan, a Kanada kuma dole ne a rubuta da Turanci da Faransanci. Yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta ce a yi wa sinadarai masu haɗari alama ta yadda ma'aikata za su fahimta cikin sauƙi. Ma'aunin ke nan, fahimtar ma'aikaci.

A nan gida ba za a ce ba mu da dokoki ba, sai dai mu tuna yadda muka same su. Sai da aka wayi gari a 1988 aka gano dubban gangunan dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel, sannan gwamnatin soja ta Janar Babangida ta kafa doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan datti, da doka mai lamba 58 da ta haifar da hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1993 aka kafa NAFDAC, wadda ke ba da izinin shigo da sinadaran masana'antu da na ɗakunan gwaji. A 2003 aka yi dokar cibiyar da ke kula da sana'ar ma'aikatan fasaha na ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, mai mazauni a Ibadan, a 2007 kuma aka kafa NESREA. Wasu sinadaran ma ba sa shigowa sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Idan mutum ya dubi waɗannan da kyau zai ga cewa ƙarfinsu yana bakin tashar jiragen ruwa ne da ƙofar masana'anta. Da zarar kwalba ta wuce Apapa ta shiga sito a wata jami'a ko kwalejin kimiyya ko makarantar sakandare ko ɗakin gwajin jini da ke bayan kasuwa, wa ke bin sawunta? Wa ke da lissafin abin da ke cikin sitocin nan da aka kulle tun zamanin da malaman ƙasashen waje ke koyarwa a makarantunmu?

Wannan tambaya ba ta neman magana ba ce. Akwai sinadaran da tsufa ke mayar da su bom. Asid ɗin fikrik idan ya bushe, murɗa murfin kwalbarsa kawai na iya tayar da shi. Ita, ruwan nan mai saurin tashi da aka taɓa yin amfani da shi wajen sa barci a tiyata, idan ya daɗe yana haɗuwa da iska yakan tara wani abu mai fashewa, kuma yana tafasa ne a kusan digiri 35, alhali zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yakan haura 40. Wanda ya ce bari ya sa shi a firjin gida don ya yi sanyi ya ƙara jawo wata fitinar, domin ɗan tartsatsin makunnin firjin ya isa ya tayar da tururin. Akwai mai guba da ake amfani da shi wajen adana samfuri a ɗakunan gwajin asibiti, wanda idan aka saba tuttula shi a magudana yakan haɗu da dalma ko tagullar bututu ya zama abin fashewa da ke jiran mai gyaran famfo. Akwatin zuƙe tururi, wanda shi ne babbar garkuwar mai aiki da sinadari, kabad ne kawai idan an ɗauke wuta. Ƙa'idar duniya kuma ita ce wanda asid ya fallatsar wa a ido ya wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15. Ina roƙon duk shugaban sashen da ke karanta wannan shafi ya je gobe da safe ya murɗa famfon ɗakin gwajinsa ya gani.

Wani abokina malamin kimiyyar sinadarai, da na kawo masa wannan magana, dariya ya yi ya ce, "Dakta, kai komai sai ka mayar da shi harshe. Ba mu ruwa da wuta da safar hannu tukuna, sannan ka zo da fassararka." Yana da gaskiya, kuma ban ce fassara za ta maye gurbin famfo ba. Har ma zan ƙara masa hujja, domin sanin Turanci da zurfin ilimi ba su hana wannan bala'i. Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka ƙwararriya ce a kan gubar ƙarafa. A watan Agustan 1996 ɗigo kaɗan na wani sinadarin zaiba ya zuba a kan safar roba da ke hannunta. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Sai bayan kusan wata biyar ta fara tangaɗi, maganarta ta fara sarƙewa, ta rasu a watan Yunin 1997 tana da shekara 48. Daga baya gwaji ya nuna cewa sinadarin na ratsa irin wannan safar cikin daƙiƙoƙi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: abokan aikinta suka yi gwajin, suka buga sakamakon, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta fitar da sabon gargaɗi, aka sauya ƙa'ida.

Haka kuma a ranar 29 ga Disambar 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wata matashiya mai taimaka wa bincike, Sheharbano Sangji, 'yar shekara 23, tana ɗibar wani sinadari da ke kama wuta da zarar ya haɗu da iska, sai sirinjin ya kwance a hannunta. Ba ta sanye da rigar kariya, rigar sanyin da ke jikinta kuma ta roba ce. Ta rasu bayan kwana 18. Hukuma ta ci jami'ar tara, a 2011 kuma aka gurfanar da jami'ar da farfesan da ke shugabantar ɗakin a gaban kotu bisa tuhumar karya dokar kare ma'aikata, ciki har da rashin ba ta horon da ya dace. A 2014 farfesan ya amince da yin aikin al'umma na awa 800 da biyan dala 10,000. Danginta sun ce hukuncin ya yi sauƙi, kuma ina ganin suna da hujja. Duk da haka an kafa wani abu: rashin koya wa na ƙasa da kai haɗarin abin da ka sa shi ya taɓa laifi ne da ke da mai shi, mai suna da ofis. Mu a nan, da irin haka ta faru, za mu yi ta'aziyya mu ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam yana ƙarewa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya ɗora wa kowane shugaba alhakin waɗanda ke ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amsata ga abokina ita ce, janareto da rijiyar burtsatse sai an jira kasafin kuɗi ko tallafin TETFund, magana kuwa ba ta jiran kowa. Kuma wanda ya fi kowa kusa da haɗarin shi ne wanda ya fi kowa nisa da bayanin. Tun sauye-sauyen aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa shara da gadi a hukumomin tarayya da dama ga 'yan kwangila, don haka mai sharar ɗakin gwaji sau da yawa ba ya cikin jerin ma'aikatan makarantar, ba a kiransa taron bita, kuma ana iya sauya shi da wani gobe ba tare da shugaban sashe ya sani ba. Bayansa akwai almajirin da ke tsince-tsince a bola, da ɗan jari-bola da zai sayi kwalbar, da mai man gyaɗa ko mai kunun zaƙi da jarkar za ta ƙare a hannunta. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda iyaye ke daka dutsen zinariya a tsakar gida ba tare da sanin abin da ke cikin ƙurar ba, bai kamata a sake yi mana bayanin yadda guba ke bin mutum har ɗakin matarsa ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da takwarorinta na kwalejoji, idan sun zo tantance kwasa-kwasai, su daina tsayawa a ƙirga na'urori. Su nemi rajistar sinadaran da ke sito da ranar da aka sayo kowanne, su murɗa famfo, sannan su kira mai shara gefe su nuna masa hotunan nan tara su ji abin da zai ce. Amsarsa ta shiga cikin makin da za a ba sashen. Kowace makaranta ta sa a yarjejeniyarta da ɗan kwangila cewa ba wanda zai shiga ɗakin gwaji da tsintsiya sai an yi masa bita da baki, da harshensa, ko Hausa ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Turancin Buroka. Duk jarkar da ta ƙare a huda ta kafin ta fita, domin muddin tana riƙe ruwa wani zai ɗauka, kuma ba zan ga laifinsa ba a garin da ake sayen ruwa a kura.

Sauran aikin namu ne, mu malaman harshe, kuma a nan dole in karɓi rabona na laifi. Mun yi ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi tun 1990 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, an yi na kalmomin majalisa, muna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da sassan Hausa a Zariya da Sakkwato da Katsina da sauransu. Mun iya samar wa ɗafi da tsigalau suna, amma ba mu zauna da masana sinadarai mun daidaita jimloli ɗari da za su ceci ido da huhu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suna da katunan bayani a kan sinadarai fiye da 1,700, kowanne bai wuce shafi biyu ba. Ba sai mun fassara duka ba. Hamsin da aka fi amfani da su a makarantunmu da asibitocinmu sun isa a fara, a rubuta da boko da ajami, tunda har yau ajamin nan ne ke gaya wa miliyoyin mutane darajar manyan takardun naira da ke aljihunsu. Sharaɗin kawai shi ne kada a yi fassarar ofis. A kai kowace jimla wurin masu shara da masinjoji a karanta musu, a tambaye su abin da za su yi idan sun ji ta. Idan amsar ta kauce, jimlar ce ba ta yi ba.

Na fara gwada nawa a kan dattijon nan, bayan mun huda jarkar da ƙusa a gabansa na kuma ba shi kuɗin sabuwa. Tsarin GHS yana da kalmomin jan kunne biyu, mai tsanani da mai sauƙi, na ba su HAƊARI da HATTARA, ya ce ya ji bambancin. "Yana cin fata" ta wuce ba gardama, haka ma "kada a shaƙa" da "ko an wanke, gubar ba ta fita". Da muka zo kan harshen wuta a kan zobe na ce masa "mai hura wuta", sai ya tambaye ni ko ana iya sa shi a murhu idan itace ya jiƙe. Na soke wannan, na koma "mai haukata wuta, a nisanta shi da duk abin da ke ci". Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya fi, amma abin da ke ci ai har da akuya. Ranar Litinin za mu sake zama, kuma abokina na sashen sinadarai ya yi alkawarin zai zo.